Kwana Ukun Da Akwatin Kogi Ya Yi Shiru

Ku da kuke fitowa daga makaranta da laftof a jaka, kuna ganin aikinmu zama ne a inuwa ana latse-latse. Ban ga laifinku ba. Wanda ya leƙo daga bakin ƙofa abin da zai gani ke nan: dattijo ya ƙura wa allo ido, ya danna abu biyu, saƙo ya wuce, aka ce masa sannu da aiki. Abin da bai gani ba shi ne awa huɗun da aka kwashe kafin a san waɗanne abu biyun za a danna. Sunana Sani. Kakana falke ne daga Haɗeja, cinikin busasshen kifi ya zaunar da shi a Nguru, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Mutane suna ce mini Injiniya, ko da yake ban taɓa zama a ajin injiniyanci ba.

Rediyon wani dillalin kifi ce aikin farko da aka bar mini ni kaɗai. A lokacin ina koyo wajen Malam Goni mai gyaran rediyo, a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya tafi jana'iza, ya ce in duba ta. Kafin ya dawo na kwance ta, na cire abu uku da nake zargi, na liƙa sababbi da dalma, amma ta ƙi magana. Da ya shigo sai ya sa na mayar da komai yadda na same shi, ya aika aka kira mai ita.

"Alhaji, ranar da ta daina, me aka yi mata?"

"Babu komai, Malam. Batir kawai aka sauya."

Malam Goni ya zare murfin baya, ya juya batir ɗaya da aka sa a baibai, rediyo ta kama labarai. Bai zage ni ba. Bayan mutumin ya fita ya ce, "Na'ura ba ta da zuciya balle ta yi fushi. In ta tsaya, wani abu ne ya sauya. Ka fara tambaya kafin ka ɗauki sukudireba." Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Daga rediyo na koma wayar hannu, daga nan shagon intanet, daga nan jan kebul a ofisoshi tsakanin Nguru da Gashua, har na kai ga kula da injinan da ke aiki su kaɗai ba mai zama a gabansu, waɗanda muke kira saba.

Jakar aikina ba ta da nauyi. Akwai mitar auna wuta, sukudireba biyu, abin matse kan kebul, kebul gajere da dogo, filas guda biyu na ajiye bayanai, laftof tsohuwa wadda batirinta ke jure rashin wuta, da ƙananan batira masu kama da maɓallin riga a cikin kwalbar man zafi da ta ƙare. Akwai kuma littafi mai bangon leda. Duk abin da na taɓa a injin wani sai na rubuta, da ranar, da yadda yake kafin in taɓa. Masu koyo sukan yi wa littafin nan dariya, har ranar da suka sauya abu biyar suka manta na farkon.

Kwamfutar wani kantin magani a Gashua ce ta fara koya mini sha'anin satifiket da kyau. Mai kantin ya kira ya ce intanet ɗinsa ya mutu, duk shafin da ya buɗe sai a yi masa jan rubutu. Haka abokan hulɗarmu suke, cutarsu suna ɗaya gare ta: "ba ya yi." Bari in bayyana muku abin a sauƙaƙe. Idan injinka zai yi magana da wani inji a nesa, sai wancan ya miƙo takardar shaida cewa shi ne wanda ya ce shi ne. Takardar tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, tana da sunan mai ita, tana kuma da hatimin wanda ya ba da ita. Injinka yana riƙe da jerin masu hatimin da ya yarda da su. In rana ba ta yi daidai ba, ko suna ya saɓa, ko hatimin na baƙo ne, sai ya kama bakinsa. To, kwamfutar mai kantin nan batirin agogonta ne ya mutu. Duk sanda aka ɗauke wuta sai ta farka tana ganin shekara goma baya ake, saboda haka kowace takarda aka nuna mata sai ta ce lokacinta bai yi ba tukuna. Batir ɗaya daga kwalbar man zafi ya gama maganar. Na fi shekara ina jin na gane satifiket. Ashe ƙofar gidan kawai na gani.

Aikin da na fi so ku ji shi ne na shekarar babbar ambaliya. Akwai wata ƙungiya da ke aiki da manoman shinkafa da barkono a ƙasar Bade da kewaye, ofishinta a Gashua. Sun kafa ma'aunin ruwa a bakin kogi, can sama ta wajen Jakusko, yana aiko da tsawon ruwa zuwa wata 'yar saba a ɗakin ajiyar ofis. Ni na haɗa sabar da zauren hirar ma'aikatansu, wanda kowa ke da shi a waya. Duk sanda ruwa ya hau ko ya sauka da taki ɗaya, saƙo zai faɗo zauren da kansa, ya ce ruwa ya ƙaru ko ya ragu, ya kuma faɗa ko ya kai alamar haɗari ko bai kai ba. Ma'aikatan karkara sai su kai maganar ga lawanai da bulamomi, wato dagatai da masu unguwa. Mutanen ƙauye ba su san saba ba, sunan da suka sa mata shi ne akwatin kogi. Shekara biyu tana aiki ba wanda ya tuna da ita.

Wata Talata da hantsi, cikin watan Agusta, ina shago a Nguru, sai ga kiran Hajiya Falmata, shugabar ofishin. Mace ce mai doguwar gaisuwa, amma ranar a taƙaice ta yi.

"Injiniya, yaushe rabon da akwatin nan ya yi magana?"

Na buɗe zauren a wayata. Saƙon ƙarshe na ranar Asabar ne.

"Ranki ya daɗe, kwana uku ke nan. Amma ai ba a yi ruwa ba kwanakin nan."

"Ni ma haka na ɗauka. Yanzu Kachalla ya kira ni." Kachalla ma'aikacinsu ne mai kula da ƙauyukan fadama, mutumin Jajimaji. "Ya ce wani tsoho, Baba Gaji, yana da sanda da yake kafawa a bakin ruwa tun kafin a haife mu. Jiya ruwa ya shanye rabinta, yau da safe bai ga kanta ba."

Mun manta abin da kowane masunci ya sani: ruwan kogin nan ba a kanmu ake zubar da shi ba, daga yamma yake tahowa. Sama tana iya yin fes a Gashua alhali kogi yana cika. Na ɗauki jaka na shiga motar farko.

Na isa kafin Azahar. Ban fara da gyara ba. Na jona laftof a jikin sabar na duba abin da ma'aunin ya aiko, sai na ga lambobin suna nan cif, awa bayan awa, kuma tun daren Litinin ruwa ya wuce alamar haɗari. Ma'auni lafiyarsa ƙalau, saba ta ji, bakinta ne ya ƙi buɗewa. Na karanta wa Hajiya lambar, ta rubuta da hannunta a zauren: ruwa ya wuce alama, a kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ajiyar da waya biyu, tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ku riƙe wannan. Idan inji ya tsaya, mutanen da ke jiran saƙonsa su ne farko, injin ya jira.

Daga nan na buɗe rajistar da sabar ke rubuta wa kanta. Layi ɗaya ne ya maimaitu tun yammacin Asabar: ta yi ƙoƙarin aika saƙo, ba ta yarda da satifiket ɗin wancan ɓangaren ba, ta ajiye saƙon sai an jima. Na yi murmushi, na ce agogo ne. Har na ciro kwalbar man zafi. Na duba, agogo daidai yake har daƙiƙa. Na ce to takardar masu zauren ce ta ƙare, ko da yake da wuya babban kamfani ya yi wannan sakaci. Na duba daga wayata, takardarsu tana da sauran watanni. Na sake gwadawa daga sabar, ta sake ƙi.

Hajiya ta leƙo. "Injiniya, wani ya faɗa mini akwai wajen da ake kashe binciken nan gaba ɗaya, saƙo ya wuce kawai."

"Akwai, ranki ya daɗe. Kalma ɗaya ce."

"To me muke jira?"

Na ce mata a cikin kowane saƙo akwai mabuɗin da ke ba akwatin izinin magana a zauren. Injin yana gaya mini cewa wanda ke karɓar saƙon ba shi ne wanda muka saba da shi ba, kuma ni ban san ko wane ne ba tukuna. In na miƙa masa mabuɗin ido rufe, gobe yana iya rubuta wa ƙauyuka ashirin su tashi ko su zauna, da sunan akwatin kogi, kuma za su yarda. Tunda tana aika saƙon da hannu, mu fara sanin wanda ke tsaye a hanya. Ta dube ni jim, ta ce, "Kai ka sani, amma ka yi sauri."

Sai na yi gwajin da kowa zai yi. Na cire sabar daga layin ofis, na haɗa ta da datar wayata, don in ga ko matsalar a cikin gida take ko a waje. Nan take ta wuce. Takarda ta karɓu, hanya ta buɗe. Kafin in gama murna sai na ji wayoyin Hajiya biyu suna ƙara tare, saƙo bayan saƙo, ba tsayawa. Na manta da saƙonnin kwana uku da sabar ta tara. Ta shiga sakin su daga na farko, na ranar Asabar da Lahadi, masu cewa ruwa ya ƙaru amma bai kai alamar haɗari ba. Kuma da nake haɗa aikin shekara biyu baya, ban sa ranar awo a jikin saƙon ba, don ban taɓa tunanin saƙo zai makara ba. Duk wanda ya gani zai ɗauka na yanzu ne.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na fizge wayata. Da na bar sabar ta ƙarasa, saƙonnin ƙarshe masu cewa ruwa ya wuce alama da sun fito sun rufe maganar. Da na fizge, abin da ya rage a ƙasan zauren shi ne: bai kai alamar haɗari ba.

Hajiya ta ɗauki wayarta. Ta rubuta gyara da manyan baƙaƙe, ta koma kiran mutane daga farko. Kowa ya ɗauka ban da Kachalla. Daga baya muka ji yadda aka yi. Yana tsaye a kan wani tudu inda ake samun sabis, ya ga saƙon Hajiya na farko, ya sa mutanen ƙauyen Baba Gaji sun fara ɗaure buhuna. Sai ga saƙonnin akwati, ya ɗauka an gyara injin kuma ya ƙaryata maganar farko. Ya sauka cikin fadama inda waya ba ta shiga, ya ce wa Bulama a dakata. Baba Gaji ya yi musu, ya ce sandarsa ba ta ƙarya, ya kwashe nasa. Wasu suka bi shi, da yawa suka bi akwatin.

Hajiya ta tura mai gadin ofis a kan babur ya nemo Kachalla, ni kuma na koma kan aikin. Yanzu na san ɓarawon a cikin gida yake. Na mayar da sabar layin ofis, na sa ta nuna mini takardar da ake miƙo mata. Suna daidai, rana daidai, amma hatimin na wani ne da ban taɓa gani ba. Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in yi tun a bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, ranar Asabar me aka yi a ofishin nan?"

"Babu komai. Sai dai Yagana ta zo daga babban ofis ta sa mana wani akwati a bayan kabad, wai don tsare kwamfutoci."

Na ja kabad ɗin, ga shi nan da fitilunsa kore. Akwatin tacewa ne. Aikinsa ya tsaya tsakanin ofis da duniya, ya buɗe duk abin da ke wucewa ya duba, sannan ya sake rufewa da nasa hatimin. Ba ɓarawo ba ne, mai gadi ne, amma sabon mai gadi da ba a gabatar wa kowa ba. Yagana ta bi kwamfutocin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ta sanar da su hatiminsa. Sabar tana ɗakin ajiya a bayan buhunan iri, ba ta cikin jerin kayan da aka ba ta, kuma ba wanda ya gaya mata akwai ta.

Na kira ta a Damaturu. Da ta gane abin da ya faru sai muryarta ta sauya, ta shiga salati.

"Baba, ni na jawo wannan?"

"'Yata, kin yi abin da aka aiko ki. Ni ne ban manna takarda a jikin bango na ce akwai inji a nan ba. Turo mini hatimin akwatinki."

Ta turo. Ban sa shi ba sai da muka tabbatar shi ne, don abin da ya biyo hanya yana iya sauyawa. Kowane hatimi yana da doguwar lambar da ta keɓanta da shi, haruffa da alƙaluma a cakuɗe. Tana karantawa daga can, ina bi da yatsa daga nan, layin waya yana yankewa. "B na Bauchi, bakwai, D na Damaturu, F na Fika, sifili." Sau biyu muka sake daga farko. Da ta yi daidai na shigar da shi jerin waɗanda sabar ta yarda da su. Na gwada, ta ƙi. Ashe manhajar da ke aika saƙon tana da nata jerin daban, ba ta kallon na injin. Wannan ma ya ci mini rabin awa. Kafin in buɗe hanya, na share tsofaffin saƙonnin da suka rage, na sa rana da awa a goshin kowane saƙo. Ana kiran La'asar akwatin kogi ya yi magana ɗaya tak, ta gaskiya.

Mai gadin ofis ya samu Kachalla da yamma liƙis, bayan ya bar babur ya shiga kwalekwale. Suka kwashe abin da za su iya kafin duhu. Ruwa ya shiga ƙauyen washegari da safe. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma gidajen da suka dakata sun rasa shinkafar ci da irin baɗi, da barkonon da aka shanya, da awaki da dama. A sauran ƙauyukan ma gargaɗin da ya kamata ya zo da tazarar kwana biyu ya zo da ta wuni ɗaya. Na rubuta duka a rahoton da na ba Hajiya, da fizge wayar da na yi. Ta karanta, ta ce in cire sunan Yagana da na Kachalla daga wajen laifi, na ce ai ban sa su ba. Ta ce, "To naka ma ka rage masa gishiri." Ban rage ba.

Bayan ruwa ya janye, wata ranar kasuwa, ina ofishin ina manna takarda a jikin kowane inji, sai Kachalla ya shigo da wani tsoho dogo, siriri, Hausarsa da karin Badanci. Kachalla ya rame, ya kasa haɗa ido da ni, ni ma haka. Tsohon ya ce a nuna masa mai akwatin. Na miƙe na gaishe shi, na shirya jin duk abin da zai faɗa.

"Kai ne mai shi?"

"Ni ne, Baba."

"An ce kwana uku ya yi bai yi magana ba. Ciwo ya yi?"

Na bayyana masa yadda zan iya. Na ce wasiƙa yake aikawa, aka sauya ɗan aike ba a gaya masa ba, shi kuma ya ƙi miƙa wasiƙa ga wanda bai sani ba.

Baba Gaji ya gyaɗa kai. "Wannan bai yi laifi ba. Ko ni ba na ba baƙo saƙo. Amma in ba shi da labari, me yake yi?"

"Shiru yake yi, Baba."

"In ya mutu fa?"

"Shiru."

"To a nan kuka ɓata, ɗana. Mu in mun fita kamun kifi da yawa cikin duhuwar ciyawar gaba, kowa a kwalekwalensa ba ya ganin ɗan'uwansa, jefi-jefi sai ka bugi gefen jirgi da filafili. Ba kifi ka kama ba, ba kada ka gani ba. Don dai a san kana nan. Wanda aka daina jin bugunsa, shi ake nema."

Na shekara talatin da wani abu a sana'ar nan, kuma na karanta abubuwa da yawa a kan allo, amma ranar a gaban tsohon nan na zauna na rubuta gyaran. Layi huɗu ne. Kowace safiya da ƙarfe bakwai, ko ruwa ya motsa ko bai motsa ba, akwatin zai ce: ina nan, ga tsawon ruwa, ga lokacin da aka auna. Na gwada a gabansa, wayar Kachalla ta yi ƙara, ya karanta masa da Badanci. Tsohon ya saurara, ya ce a sake, aka sake. Sannan ya ɗauki hularsa, ya ce zai je ya sayi sabon iri kafin kasuwa ta watse.

Da damina ta zagayo, wata safiya janaretan ofis ya ƙi tashi, batirin sola kuma ya yi sanyi, saƙon ƙarfe bakwai bai fita ba. Ina shan koko a ƙofar shago a Nguru. Kafin bakwai da kwata wayata ta yi ƙara sau shida: Hajiya, Yagana, wani lawani da ban taɓa gani ba, da mata biyu masu noman barkono. Na shida lambar Kachalla ce, amma da na ɗauka ba muryarsa na ji ba.

"Ɗana," in ji Baba Gaji, "yau ban ji bugun jirginka ba."

Na ajiye kokon, na ce, "Ga ni nan tafe, Baba."